Katin ɗan wasa na dala miliyan 12: me ake saya, kuma wa ke kwasar ribar?

Duk lokacin da labari ya ɓulla cewa an sayar da wani ɗan kati mai hoton ɗan wasa a kan miliyoyin daloli, mutanenmu kan rabu gida biyu. Wasu su ce Turawa dai kuɗi ya yi musu yawa har sun rasa abin yi da shi, wasu kuma, musamman matasa masu bibiyar TikTok da YouTube, su ce ai ga sabuwar hanyar arziki ta buɗe. A watan Agustan 2022 an yi gwanjon katin Mickey Mantle, wani ɗan wasan besbol na Amurka, a kan dala miliyan 12.6. Bayan shekara uku, a Agustan 2025, wani kati mai ɗauke da sa hannun taurarin ƙwallon kwando Michael Jordan da Kobe Bryant ya zarce shi, ya tashi a kan sama da dala miliyan 12.9. Takarda ce da ba ta kai tafin hannu ba. To me mai saye ya biya wa kuɗin? Kuma talaka mai sha'awar ƙwallo, idan ya sa ƙafa a wannan harka, riba ke jiransa ko asara?

Wane irin kati ake nufi?

Kati ne na takarda mai kauri, girmansa ya ɗan ɗara katin ATM. A gaba hoton ɗan wasa, a baya tarihinsa da alƙaluman wasanninsa. Kamfanoni ne ke buga shi bayan sun sayi lasisi daga hukumar gasa da ƙungiyar 'yan wasa, sannan su zuba cikin fakiti a liƙe, su jera fakitin a kwali. Mai saye bai san abin da ke ciki ba sai ya yage. Wannan rashin sanin shi ne gishirin harkar, kuma shi ne tushen rigimarta, za mu dawo kansa.

Wanda ya tashi a zamanin cingam mai hoto ba zai ji abin baƙo ba. Na tuna yadda muke ɓare cingam ba don zaƙinsa ba, don mu ga hoton wa ya fito, in ka sami wanda kake da shi ka nemi abokin musaya a bakin makaranta. Abin da ake yi ke nan a Amurka da Turai, sai dai su sun mayar da shi kasuwa mai dillalai da masu tantancewa da zauren gwanjo.

Akwai kuma ɗan'uwansa, wato sitika da ake liƙawa a kundi, wanda ya fi karɓuwa a ƙasashen da ƙwallon ƙafa ke mulki. Kamfanin Panini na birnin Modena a Italiya, wanda 'yan gida ɗaya suka kafa a 1961, shi ne gwarzon wannan fanni, kuma tun gasar cin kofin duniya ta 1970 a Mexico yake fitar da kundin gasar.

Daga kwalin taba zuwa zauren gwanjo

Asalin katin talla ne. A ƙarshen ƙarni na 19 kamfanonin taba a Amurka da Ingila sun riƙa sa ɗan kati cikin kwalin sigari, ya tokare kwalin kada ya lanƙwashe, ya kuma ja hankalin mai saye. Daga cikin irin waɗannan ne aka sami katin da ya fi kowanne suna, na Honus Wagner, ɗan wasan besbol na ƙungiyar Pittsburgh Pirates, wanda ya fito tsakanin 1909 da 1911. An dakatar da buga shi tun da wuri. Wasu na cewa Wagner ba ya son yara su sayi taba saboda hotonsa, wasu na cewa kuɗi ne ba a daidaita ba. Ko ma wanne ne, waɗanda suka rage a duniya ba su wuce 'yan gomomi ba, kuma an sayar da guda a kan dala miliyan 7.25 a 2022.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu sai masu cingam suka karɓe. Kamfanin Topps na Brooklyn ya fitar da jerin katunan 1952, inda na Mantle yake. Kason ƙarshe na jerin ya fito a makare, kakar wasa ta kusa ƙarewa, ya yi kwantai. Sy Berger, wanda ya tsara katunan, ya sha ba da labarin yadda bayan shekaru ya loda ragowar a jirgin ruwa aka zubar a tekun Atalantika don a sami wuri a sito. Waɗanda suka isa hannun yara kuwa an yi wasa da su, an murƙushe, iyaye mata sun share sun zubar. Shi ya sa wanda ya tsira da lafiyarsa ya zama abin nema. Mutumin da ya sayar da na dala miliyan 12.6 ɗin, Anthony Giordano, ya saye shi ne a 1991 a kan dala dubu 50, ya ajiye shekara 31.

Labarin da ba a cika bayarwa ba shi ne na ƙarshen shekarun 1980 zuwa tsakiyar 1990. Jama'a sun ji cewa tsofaffin katuna sun yi daraja, sai kowa ya shiga saye yana adanawa, wasu da niyyar kuɗin makarantar 'ya'ya. Kamfanoni suka ga kasuwa ta buɗe, suka saki injin buga takarda dare da rana. Kowa ya ajiye, kowa ya kula da nasa, babu wanda ya zubar. Yau akwai gidaje a Amurka masu kwalaye cike da katunan wancan zamani da ba za su sayi abincin rana ba. Tsufa kaɗai ba ya sa kati tsada.

Me ke sa takarda ta yi tsada?

Abu na farko shi ne waye ke jikin katin, kuma a wace shekara. Masu harkar sun fi daraja katin sabon shiga, wato na shekarar da ɗan wasa ya fara bayyana. Katin Pelé na 1958, wanda wani kamfanin Sweden ya buga a shekarar da ya ɗauki kofin duniya yana ɗan shekara 17, shi ne katin ƙwallon ƙafa na farko da ya haura dala miliyan ɗaya, ya tashi a kan miliyan 1.33 a Fabrairun 2022.

Na biyu ƙaranci. Na da, ƙarancin ƙaddara ce ta kawo shi, ruwa ya ci, wuta ta ci, ɓera ya ci. Na yanzu kuwa ƙera shi ake yi a ofis. Bayan darasin shekarun 1990, kamfanoni sun koyi buga hoto ɗaya cikin launuka daban-daban, wannan kwafi 99, wancan 25, wancan 10, sannan guda ɗaya tilo da za a rubuta masa 1/1. Wani za a sa ɗan wasan ya sa masa hannu, wani a yanko ƙyallen rigar da ya yi wasa da ita a manna a ciki. Irin wannan kati na Giannis Antetokounmpo, tauraron ƙwallon kwando wanda iyayensa 'yan Najeriya ne da suka yi hijira zuwa Girka, ya kai dala miliyan 1.8 a 2020. A nan akwai abin lura: idan kowane ɗan wasa yana da launuka barkatai, kowane launi kuma an ce ba shi da yawa, to jimillar “marasa yawan” ta zama tuli.

Na uku, wanda ya fi ɗaure wa baƙo kai, shi ne maki.

Masu ba da maki

A kasuwar shanu akwai mai duba haƙori ya faɗi shekarun dabba. A kasuwar kati ma akwai irinsa, sai dai kamfani ne. Mafi girma shi ne PSA na jihar Kalifoniya, wanda ya fara aiki a 1991, sai irin su Beckett da SGC da CGC. Za ka aika musu katinka da kuɗin aiki, su tabbatar ba jabu ba ne, su duba abu huɗu: ko hoton ya zauna a tsakiya, kaifin kusurwoyi, lafiyar gefuna, da tsabtar fuskar katin. Sai su ba shi maki daga 1 zuwa 10, su rufe shi ruf a gidan roba mai garai-garai da lamba a samansa. Daga ranar ba wanda zai sake taɓa takardar da yatsa.

Tazarar da ke tsakanin 9 da 10 ido ba ya ganinta sai da gilashin ƙara girma, ɗan farin ɗigo a kusurwa ya isa. Amma a farashi, mai 10 kan ninka mai 9 sau da yawa. Kamfanonin suna wallafa ƙidayar katunan da suka sami kowane maki, don haka mai saye yana iya ganin cewa irin wannan kati mai maki 10 guda nawa ne a duniya. Wato a zahiri ba takardar ake ciniki ba, lambar da ke saman robar ake ciniki, da amanar da aka ba wanda ya rubuta ta.

Amanar kuwa tana da tabo tun ranar farko. Katin da PSA ya fara ba maki a tarihinsa wani Honus Wagner ne da shahararren ɗan wasan ƙanƙara Wayne Gretzky da abokinsa Bruce McNall suka saya a 1991 a kan dala dubu 451. An ba shi maki 8. Sai a 2013 wani babban mai gidan gwanjo, Bill Mastro, ya amsa a gaban kotu cewa shi ya aske gefen katin don ya yi kyau. An yanke masa ɗaurin wata 20 a 2015, bisa laifin zamba da ya haɗa da sa mutanensa suna taya kaya a gwanjo don farashi ya hau.

Wannan dabara ta taya abin da ba ka da niyyar saye, don ka ruɗi na kusa da kai, ba baƙuwa ba ce ga ɗalibin fiƙihu. Ita ce najashu, wadda hadisi ya hana. A 2021 ma eBay, dandalin saye da sayarwa na intanet, ya kori ɗaya daga manyan masu sayar da kati a dandalinsa, PWCC, bisa zargin irin wannan, kamfanin kuma ya musanta. Abin da ya sa wannan ke da muhimmanci shi ne, a wannan kasuwa farashin yau daga cinikin jiya ake ɗauko shi. In cinikin jiya na bogi ne, duk wanda ya sayi irin katin yau an cuce shi ba tare da ya sani ba.

Haukan 2020 da abin da ya biyo baya

Annobar korona ta kulle mutane a gida, an dakatar da wasanni, gwamnatin Amurka ta raba wa jama'a kuɗin tallafi, kuɗin ruwa a bankuna ya sauka ƙasa. Magidanta suka hau tone tsofaffin kwalayen ƙuruciya. A Afrilun 2020 aka fara nuna wani shirin talabijin kan rayuwar Michael Jordan, sai katunansa suka kama da wuta. Katinsa na 1986 mai maki 10 ya kai dala dubu 738 a farkon 2021. A ƙwallon kwandon dai, na LeBron James ya kai miliyan 5.2, na Luka Doncic miliyan 4.6. PSA ya cika ya batse har ya dakatar da karɓar yawancin katuna a ƙarshen Maris 2021. A watan Mayun shekarar, kantunan Target suka daina sayar da katuna na wani lokaci bayan an yi faɗa a kansu a wurin ajiye motoci a jihar Wisconsin, har wani ya zaro bindiga.

Daga 2022 iska ta juya. Kuɗin ruwa ya hau, tsadar rayuwa ta matsa, masu neman riba ta gaggawa suka fara fita. Katin Doncic ɗin nan da aka saya miliyan 4.6, an sake sayar da shi a Nuwamban 2022 a kan miliyan 3.12. Na Jordan ya faɗo zuwa ƙasa da kashi ɗaya bisa uku na ƙololuwarsa. Waɗannan manya ke nan. Katunan matasan 'yan wasa da aka yi wa ganin kitse, daga baya rauni ko rashin tagomashi ya nuna rogo ne, sun fi shan kashi, kuma su ne ƙananan masu saye suka fi zuba wa kuɗi. Ƙwanƙolin kasuwar ya farfaɗo, kamar yadda cinikin 2025 ya nuna, amma labarin ƙwanƙoli daban, na gindi daban.

Fasa kwali: ciniki ne ko caca?

Na zauna wani dare na kalli yadda ake yi kai tsaye. Kyamara na kallon tebur, hannu biyu cikin safar roba, ga kwali a liƙe. Kafin a buɗe, an sayar wa mutane gurabe: kowa ya biya kasonsa, sai manhaja ta juya ta raba musu ƙungiyoyi. Duk katin da ya fito na ƙungiyarka, naka ne. Mai buɗewa yana zare katin a hankali, yana rufe sunan da babban yatsa, yana ihu in ya hango ƙyalli. A gefe saƙonni na gudu kamar ruwa. Cikin minti goma aka gama, mutum ɗaya ya sami kati mai sa hannu, sauran suka tashi da tarkacen da bai kai kuɗin aikawa ba. Nan take aka ɗora wani kwalin, kuma yawancin sunayen da suka yi asara su ne suka fara biyan na gaba.

Masu kare harkar suna da hujjarsu. Sun ce ba kamar caca ba, nan kowane fakiti akwai kaya a ciki, kamfani kuma yana rubuta yiwuwar samun kowane irin kati a jikin leda. Sun ce kwalin da ya fi ƙarfin mutum ɗaya, haɗa kuɗi ne ke ba talaka damar taɓa shi, ga nishaɗi da zumunci. Kuma a kan dace. Wani yaro ɗan shekara 11 a yankin Los Angeles ya ciro katin ɗan wasan besbol Paul Skenes guda ɗaya tilo daga kwalin da aka saya masa, aka yi gwanjonsa a farkon 2025 a kan dala miliyan 1.11.

Masu suka kuma suna cewa labarin yaron shi ne tallar, kamar yadda hoton wanda ya ci reful yake tallar reful. Jimillar darajar abin da ke cikin kwali, a mafi yawan lokuta, ba ta kai kuɗin kwalin ba, in ba haka ba kamfani da mai buɗewa ba za su ci riba ba. Ƙasar Beljiyam ta yanke a 2018 cewa akwatunan sa'a na wasannin kwamfuta caca ne, abin da ya sa kamfanin EA ya daina sayar da kuɗin buɗe fakiti na wasan FIFA a ƙasar. Fakitin takarda bai faɗa ƙarƙashin irin wannan hukunci ba a yawancin ƙasashe, amma tsarin ɗaya ne.

Ni dai a ganina Bahaushe ya riga ya yanke hukunci da ya ce ba a cinikin biri a sama. Sayen kati guda da ka gani, ka san makinsa, kuka yi ciniki, wannan saye da sayarwa ne kamar na kowace haja. Biyan kuɗi don manhaja ta juya ta zaɓa maka ƙungiya kuwa, mai karatun fiƙihu zai tuna babin garari, cinikin abin da ba a san haƙiƙarsa ba, ya kuma tuna caca. Fatawa ta malamai ce, amma tambayar ta cancanci a kai musu kafin a tura kuɗi.

Ko sitikar Panini, wadda ta fi kama da wasan yara, lissafinta na da nauyi. Kundin gasar 2018 a Rasha na da gurbi 682. Farfesa Paul Harper na Jami'ar Cardiff ya lissafa cewa mai cika shi shi kaɗai, ba musaya, zai kashe kimanin fam 773, alhali in ba a maimaita hoto kusan fam 110 ta isa. A 2022 ƙarancin sitikar ya kai har sai da jami'an gwamnatin Ajantina suka zauna da kamfanin da masu ƙananan shaguna don sasantawa.

Su wa ke kwasar kuɗin?

Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Mai buga kati ya karɓi nasa tun kafin a yage leda. Mai ba da maki yana karɓa ko katinka ya sami 10 ko ya sami 5, kuma kuɗin aikinsa na ƙaruwa in katin mai tsada ne. eBay na cire kusan kashi 13 cikin 100 a hannun mai sayarwa, manyan gidajen gwanjo kuma suna ɗora wa mai saye la'adar kusan kashi 20. Kasuwa ta hau ko ta sauka, su dai la'adarsu na nan.

Kuma hannayen da ke riƙe da harkar sai raguwa suke. A 2021 kamfanin Fanatics na Michael Rubin ya kwashe lasisin manyan gasannin Amurka na besbol da ƙwallon kwando da zari-ruga irin na Amurka, a Janairun 2022 ya sayi Topps a kan kusan dala miliyan 500, a 2023 ya sayi PWCC. Yana da dandalin fasa kwali, yana kuma da reshen cacar wasanni. Panini ya maka shi kotu a 2023 bisa zargin babakere, shi ma ya mayar da ƙara. Katunan gasar Firimiyar Ingila sun koma hannun Topps daga kakar 2025. A ɓangaren maki, kamfanin da ya mallaki PSA ya sayi SGC a 2024. Ga mai saye, ƙarancin gasa na nufin farashin kwali yana hannun mutum ɗaya.

Idan kana Kano, Yamai ko Kumasi

Taurarinmu suna cikin harkar. Super Eagles sun shiga kundin Panini a shekarun da suka je kofin duniya, Ghana da Kamaru suna cikin na 2022, Victor Osimhen da Ademola Lookman suna da katunansu na gasannin Turai. Amma kasuwar ba ta nan. Masu saye, masu ba da maki da gidajen gwanjo yawancinsu suna Amurka da Turai da gabashin Asiya, ciniki kuma da dala ne, dalar da ta tashi daga kusan naira 460 a farkon 2023 ta haura 1,500 a 2024.

A misali, ka sayi kati dala 50. Ka biya kuɗin kawo shi, ka biya na mayar da shi waje a ba shi maki, ka biya kuɗin makin, ka jira watanni. Ya fito da 9 maimakon 10. Ko ka sayar da shi dala 100, bayan an cire la'ada da kuɗin aikawa, da wuya ka ga uwar kuɗinka. Ga laimar damina da ke lanƙwasa takarda, ga ƙurar hunturu da ke ƙarce fuskarta, ga jabun katuna da jabun gidan roba da suka cika intanet, waɗanda suka fi kama wanda bai taɓa riƙe na gaske ba. Lambar da ke jikin robar ana iya duba ta a shafin kamfanin da ya ba da makin, sai dai masu jabu ma sukan kwafi lambar gaskiya, don haka sai an haɗa da kwatanta hoto.

Mai kiwon tattabaru ya san akwai tsuntsun da zai saya da tsada don ransa na so, ya kuma san in ya matsu akwai abokan harka a unguwa da za su karɓa kafin magariba. Mai katin Osimhen a Fagge yana da ta farkon, ba shi da ta biyun. In ya so mayar da katin kuɗi, mai sayensa na iya kasancewa a Istanbul ko Napoli, kuma sai katin ya isa hannun mutumin lafiya kafin ko sisi ya shigo asusunsa.